Babi na Tara: Hatimin da Ke Wuyan Bindiga

A unguwannin Nima da Maamobi na Ghana akwai gidaje da yawa da tarihinsu ya bi ta bariki. Tun 1863 Kyaftin Glover ya fara ɗaukar Hausawa aikin soja a Legas, da su ya je yaƙin Asante na 1874, jikokinsu kuma suka yi yaƙin Burma cikin runduna ta 81 da ta 82. Shi ya sa in aka fito da tsohuwar bindiga daga ƙarƙashin gado, kafin ka tambaya an ce maka, "Ta kakanmu ce, da ita ya dawo daga Burma." Wannan magana tana gajiyar da ni. Sojan da aka sallama yana miƙa bindigarsa kafin ya bar bariki. Mazan jiyan da suka nufi fadar gwamna ta Christiansborg ranar 28 ga Fabrairu 1948 takardar koke suka riƙe, hannunsu ba makami, Sufritanda Imray ya harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. To, a bar labarin gado tukuna, a karanta ƙarfen.

Snider da Martini-Henry na zamanin Sarauniya Victoria masu cin harsashi ɗaiɗai ne, kowa zai gane su. Wadda aka fi gani ita ce Lee-Enfield mai cin goma. In katako ya rufe ta har baki, hancin ya zama dunƙule, SMLE ce, samfurin 1907. In bakin ƙarfe ya leƙo waje, abin saitin kuma yana can baya kusa da ido, No. 4 ce ta 1941.

Yanzu ga inda daɗin yake. Ɗaga hannun sakatar SMLE, ka dubi zoben ƙarfen da ya haɗa gindin da jikin bindigar, ta dama. Shafa masa ɗan mai da yatsa, ka karkata shi ga hasken taga. Za ka ga kambin sarauta, ƙarƙashinsa haruffa biyu, sai masana'anta, sai shekara. Duk asalinta yana nan a filin da bai kai faɗin akwatin ashana ba! Enfield da BSA na Ingila ne, Lithgow ta Ostareliya, Ishapore ta Indiya. Haruffan GR kuwa, don Allah a daina cewa sunan rundunar Ghana ne. Sunan Sarki George ne, kamar yadda ER yake na Edward, VR na Victoria. Ghana ba ta samu wannan suna ba sai 1957.

Waɗannan haruffa su ke tona asirin jabu. Maƙeran mashigin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Turawa da hannu, har da hatiminsu. Gwanaye ne na gaske, amma hatimin zane ne kawai a wurinsu, ba karatu ba. Sai ka ga VR tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar Sarauniya ta rasu, ko harafin N na Enfield ya juya baya. Irin wannan ba a gwada harba ta, ƙarfenta ba shi da amana.

Ƙaramar kibiya mai ƙafa uku tana nufin kayan gwamnatin Ingila ne. FTR, an mayar da ita masana'anta an yi mata gyaran gaba ɗaya. DP kuma ta fareti ce, an soke ta daga harbi.

Batun kuɗi gajere ne. An ƙera Lee-Enfield sama da miliyan 17, don haka tsufa kaɗai ba ya sa ta tsada. Masu tarawa suna duba ko lambar jiki da ta sakata da ta hanci ɗaya ce, ko tsatsa ta ci cikin bututun, ko an yanke katakon don farauta. Wanda ya goge ta da samfefa ya shafa fenti don ta yi kyau, ya kankare hatimin, ya kankare rabin darajar da hannunsa. Abin da ke sa ni tsayawa shi ne ɗan faifan tagulla da ke gefen gindi, domin a kansa ake buga sunan runduna, kuma shi ne zai iya gaskata labarin kakan nan.

A Ghana, bindigar da ba ta da lasisin 'yan sanda ba ta da kasuwa ta halal, kome tsufanta. Wanda ya gaji irinta ya fara da ofishinsu. Mai son ya koyi karanta hatimi kuwa ya je gidan tarihin soja da ke cikin ganuwar Kumasi, can akwai su a jere.