Zafin Rufin Kwano da Asarar Wutar Sola a Kura da Bunkure

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farantan sola, wato allunan da ke mayar da hasken rana wutar lantarki, sun yawaita a kan shaguna da masallatai da gidajen manoman rani na Kura da Bunkure, amma yadda ake kafa su yana cinye wani kaso na kuɗin da aka tara da gumin noman shinkafa da tumatir. An fi ɗora laifin raguwar wuta a kan ƙurar hunturu, alhali ƙura da tsumma ake share ta, babbar illar kuwa zafi ce.

Ana auna ƙarfin faranti ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100 na wutarsa. Idan aka kwantar da shi daf da kwano a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai 40, iska ba ta samun hanyar ratsawa ta ƙarƙashinsa, sai jikinsa ya haura 60, mai shago ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 a daidai lokacin da firjin ƙanƙararsa ya fi buƙatar wuta. Ganyen shinkafar da ke shan ruwan madatsar Tiga ba ya yin irin wannan zafi a ranar, domin yana fitar da ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinsa, tururin ya tafi da zafin, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wannan hikima masana na Imperial College da ke Landan suka kwaikwaya a 2023, inda suka shimfiɗa zaren gora mai jan ruwa a bayan faranti, wutarsa ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Fasahar ba ta shigo kasuwa ba tukuna, amma ɗaga faranti da tazarar taƙi guda daga kwano ba ya buƙatar komai sai ƙarfe da walda.

Masu cewa farantan Sin sun yi araha, a ƙara ɗaya kawai a huta, suna da 'yar hujja. Sai dai ƙarin faranti ba ya ceton batir, wanda ya fi komai tsada a haɗin, kuma batir mai ruwa yana rasa kusan rabin shekarunsa duk lokacin da zafin ɗaki ya ƙaru da digiri 10, abin da ya sa tsohon soron ƙasa mai azara ya fi ɗakin bulo da kwano dacewa da ajiye shi.