Ƙyallen da ke Mayar da Zafin Jiki Lantarki

Tun 1821 Bajamushe Thomas Seebeck ya gano cewa bambancin zafi tsakanin mahaɗar ƙarfe iri biyu na haifar da lantarki. Sai dai sinadarin da aka saba amfani da shi wajen samar da lantarki ta wannan hanya, bismuth telluride, ga tsada ga saurin karyewa.

Shi ya sa masu bincike suka koma cakuɗa roba da siraran bututun kabon, waɗanda silin gashi ya fi su kauri sau dubbai. Abin kan lanƙwashe kamar ƙyalle: a ɗaura a hannu, fata ta ɗumama ciki, iska ta sanyaya waje, sai bambancin ya haifar da lantarki. Jami'ar Wake Forest ta Amurka ta nuna irinsa a 2012.

Wutar dai 'yar kaɗan ce. Ƙananan na'urorin auna bugun zuciya ake hari. Cajin waya kuwa, da sauran rina a kaba.