Kurmin da ya sake tsiro a kewayen Yawunde: me yake riƙe wa duniya?

Duk wanda ya bi ta Briqueterie da yamma zai ji ƙamshin tsire da hayaƙin itace har zuwa Cité Verte. Wani kaso na itace da gawayin da ake ƙonawa a Yawunde daga saurukan ƙauyuka yake fitowa, wato gonakin da aka bari suka sake zama kurmi, kamar waɗanda ake gani a hanyar Mbalmayo da ta Obala.

Me ya sa masana suka damu da irin wannan daji? Bishiya tana zuƙar gurɓatacciyar iskar da ke ɗumama duniya, ta adana sinadarin kabon a jikinta. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma da zarar an ƙona shi sai ya koma sama.

Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2016, kan dazuzzukan Latin Amurka, ya gano cewa kurmin da ya sake tsiro yana zuƙar kabon da saurin da ya ninka na tsohon kurmi sau 11. Sai dai yakan ɗauki kimanin shekara 66 kafin ya tara kashi 90 cikin 100 na itacen da tsohon kurmi ke da shi. Wani binciken na 2019 kuma ya nuna cewa cikin shekara 20 yawan nau'o'in bishiyoyi yakan kai kashi 80 cikin 100, amma kafin ainihin bishiyoyin da aka sare su dawo sai an yi ɗaruruwan shekaru.

Dalili kuwa shi ne, bishiyoyin da ke fara fitowa, irin su parasolier, masu saurin girma ne, itacensu ba nauyi, kuma ba sa daɗewa. Masu nauyi irin su moabi da sapelli a hankali suke tasowa a ƙarƙashin inuwarsu, kuma manyan bishiyoyi irin waɗannan ne ke riƙe da mafi yawan kabon. In ana sare saura duk bayan 'yan shekaru, ba za su taɓa kai ga girma ba.

Manoman koko na yankin Centre, a wurare kamar Bokito da Ngomedzap, sun daɗe da sanin wata dabara. Sukan bar safou da njansang da mangwaron daji a cikin gona: koko ya samu inuwa, gida ya samu abin miya da na sayarwa, kabon kuma ya zauna.

Mai tsire a Briqueterie ba zai daina hura wuta ba. Amma murhu mai rage cin itace, da amfani da ragowar katako daga injinan yanka, da tambayar dillali inda ya samo kayansa, duk suna ƙara wa saura shekarun da take buƙata ta zama kurmi.