Gwajin Kaurin Fitsari: Abin da Yake Nunawa Game da Ƙodarku

'Yan kasuwa da iyayen gida, ku da kuke yini cikin zafin rana kuna ta zufa, ƙodarku ce ke hana ruwan jikinku ƙarewa. A kowace rana ƙoda biyu na baligi suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, sannan su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, ba ya fita a matsayin fitsari sai lita 1 zuwa 2. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ƙoda mai lafiya takan riƙe shi, fitsari ya ragu, ya yi kauri. Ƙodar da ta raunana kuwa takan ci gaba da zubar da ruwa ko da jiki yana bukatarsa.

Wannan aiki ne gwajin yake aunawa. Za a ba ku kwalba mai tsabta ku kawo fitsarin farko na safe, domin shi ya fi kauri. Ku bar na farkon fitowa ya zuba, ku tari na tsakiya. Ma'aikacin lafiya zai tsoma tsinken gwaji ya kwatanta nauyinsa da na ruwa zalla, wanda yake 1.000. Na mai lafiya yakan kasance tsakanin 1.005 da 1.030. Adadi mai yawa yakan nuna ƙarancin ruwa a jiki, ko da yake suga cikin fitsari ma yana ɗaga shi. Idan kuma ya tsaya kusa da 1.010 kullum, an sha ruwa ko ba a sha ba, to sai an gwada jini domin a tabbatar da halin ƙodar.

Ku nemi gwajin idan kuna yawan tashi fitsari da dare, ko ƙishirwa ba ta barinku, musamman masu hawan jini da ciwon suga. Cutar sikila tana raunana wannan aiki tun ƙuruciya, shi ya sa yaran da ke da ita sukan yi fitsarin kwance. Asibiti suke bukata, ba duka ba.

Kada ku hana kanku ruwa domin gwaji sai da kulawar likita. Ku faɗi duk maganin da kuke sha, har na gargajiya da na ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, domin yawan shansu yana cutar da ƙoda. Ku kuma adana takardar sakamakon, ku nuna ta duk asibitin da kuka je, ko a wane ɓangaren iyaka yake.