Masu Gadin Fatar Jariri: Abin da Aka Gano a Jikin Ɓera

'Yar'uwa mai juna biyu, wataƙila kin ɗauka fata sutura ce kawai. To, akwai masu gadi a cikinta. Ana kiransu ƙwayoyin T, domin a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, mai suna taimos, suke samun horo. Babban mutum yana da wajen biliyan 20 a fatarsa, kusan ninki biyu na waɗanda ke yawo a jininsa.

Yawancin abin da aka sani game da su, a jikin ɓera aka fara ganinsa. A 1983 masana a Ostiriya da Amurka suka gano wasu irinsu masu rassa kamar saiwa, shimfiɗe a saman fatar ɓera. Kowace ƙwayar T tana da wata makama a jikinta da take gane abokin gaba da ita, kuma a al'ada ta kowacce daban ce. Amma waɗannan kusan duk makamarsu iri ɗaya ce, tun ɓeran yana cikin uwarsa suke tafiya fata su zauna. A 2002 aka nuna cewa idan fata ta yanke, su ne ke sa ta tofo da wuri. Ɓeran da ba shi da su, mikinsa yakan daɗe bai warke ba.

Fatar mutum ba ta da wannan irin sak, namu sun fi gauraya. Sai dai wani binciken na 2015 a Kalifoniya ya fi jan hankalina. An ga cewa a makonni biyu na farko, wasu ƙwayoyin T masu kwantar da tarzoma sukan kwararo fatar jaririn ɓera, su koyi zama lafiya da ƙwayoyin halitta marasa cutarwa da ke zaune a kanta. Wato kwanakin farko kwanakin koyo ne.

Jaririnki ba ɓera ba ne, amma tasa garkuwar ma ɗanya ce. Farin maiƙon nan da ake haihuwarsa da shi ba dauɗa ba ne, kariya ce, kada a kankare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24. Da an haife shi a ɗora miki shi a ƙirji, fata da fata.

Cibiya kuwa miki ce buɗaɗɗiya. Ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma mai zafi, ko da kaka ta matsa. Ki shafa maganin kulohekzidin da aka ba ki, a cibiya kaɗai, kada ya taɓa ido. Man bilicin kuma, da yawansu akwai sinadarin da ke kashe ƙarfin masu gadin nan, kada ki kusanto da shi jikin yaro. Idan kika ga cibiya ta yi ja, tana wari ko ruwa, ko yaro ya ƙi nono, ki kawo shi asibiti a ranar.