Fitar Haƙori: Yadda Za Mu Sauƙaƙa wa Jariranmu

A ziyarar da muke kaiwa ƙauyuka, da wuya a tashi taron Zumuntar Mata ba a yi maganar haƙori ba. Sau da yawa uwa takan zo da goyo, jikinsa zafi rau, kwana uku yana zawo, ta ce, "Ai haƙori ne, in ya fito zai daina." Wannan magana ita ke sa a makara kai yara asibiti.

Yadda haƙori ke fitowa

Yawancin jarirai sukan fara haƙori a wajen wata 6, wasu kuwa sai sun kusa shekara. Biyun gaba na ƙasa ne kan riga fitowa. Kafin yaro ya cika shekara 3, haƙoransa na farko guda 20 sun kammala. A lokacin, dasashi yakan kumbura, miyau ya yi ta dalala, yaro ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ga rigima da ƙarancin barci. Jiki na iya yin ɗan ɗumi. Iyakar aikin haƙori ke nan. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ko zawo, ko amai.

To, me ya sa suke zuwa tare? A daidai wannan lokaci ne kariyar da yaro ya samu tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne kuma ake fara ba shi kunu, ya soma rarrafe, kome ya tsinta a ƙasa sai baki. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, haƙori ya ɗauki laifi.

Abin da za a yi a gida

1. Ki wanke hannu da sabulu, ki murza masa dasashi a hankali da yatsa.
2. Ki jiƙa tsabtataccen ƙyalle da ruwan da aka tafasa ya huce, ki ba shi ya ciza. Cokali mai tsabta da aka sanyaya a irin wannan ruwa shi ma yana taimakawa.
3. Ki riƙa share masa miyau don kada haɓa da wuya su yi ƙuraje.
4. Ki ci gaba da ba shi nono, ki rungume shi, ki rarrashe shi.
5. In ciwon ya hana shi barci, ma'aikacin lafiya zai faɗa miki yawan farasitamol da ya dace da nauyinsa.

Abin da za a guje wa

Kada a sayi hodar haƙori ko ruwan maganin haƙori a kasuwa. A shekarar 2008, wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda guba ta shiga cikinsa, ya lalata ƙodar yara a Nijeriya, aƙalla 84 suka mutu, har hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi. Iyayensu sauƙi suka nema musu.

Kada a kai yaro wurin wanzami a tsaga masa dasashi, domin aska na kawo zubar jini da cuta. Kada a shafa masa giya, ko a ba shi asfirin. Kada a ba shi zuma kafin ya cika shekara. Kada kuma a rataya masa tsakiya ko igiya a wuya, tana iya shaƙe shi.

Lokacin zuwa asibiti

In jiki ya yi zafi sosai, a kai shi a gwada jininsa a ranar, gama zazzaɓin cizon sauro ba ya jira. In zawo ne, a dama fakitin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a fara ba shi tun daga gida, a kuma karɓo ƙwayar zinc. In ya ƙi nono, idanu suka faɗa, ko ya suma, ko jikinsa ya saki, kada a jira gari ya waye.

Iyaye maza, kuɗin mota da izinin tafiya yawanci a hannunku suke, kada ku ja lokaci. Kakanni, muna roƙonku ku goyi bayan surukanku. Mu yi wa yaro addu'a, mu kuma ɗauke shi zuwa wurin magani. Allah ya raya mana su. Amin.