Haraji a Birtaniya: Abin da sabon zuwa zai sani kan kuɗin da yake samu a gida

Ma'aikaciyar jinya da ta bar Kano ko Jos ta koma aiki a Birtaniya kan ɗauka cewa ta sauke nauyin haraji, tunda ana cire shi daga albashinta kafin ya iso hannunta. Idan ta bar gidan haya a Najeriya, ko ajiyar banki mai kawo riba, ko hannun jari, to da sauran magana.

Hukumar tattara haraji ta Birtaniya, HMRC, ba ta duba fasfo ko irin bizar mutum wajen tantance matsayinsa. Kwanaki take ƙirgawa. Shekarar haraji a ƙasar tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilun shekara mai zuwa, kuma duk wanda ya yi kwana 183 a cikinta ya zama mazauni a idon doka. Wanda bai kai haka ba ma yana iya shiga sahu idan can ne kawai yake da gida, ko yana cikakken aiki a ƙasar. Mazauni kuwa ana binsa haraji kan duk abin da ya samu, ko a wace ƙasa ya same shi.

A da, baƙon da asalinsa ba Birtaniya ba yana da zaɓin biyan haraji kan kuɗin wajen da ya shigo da su ƙasar kaɗai. An soke wannan tsari daga ranar 6 ga Afrilun 2025. Wanda ya maye gurbinsa ya yafe wa sabon zuwa harajin kuɗin shiga da ribar da ya samu a waje na shekaru 4 na farko, da sharaɗin ya shafe shekaru 10 a jere ba ya zaune a Birtaniya kafin zuwansa. Ƙirgen yana farawa ne daga shekarar da mutum ya zama mazauni, don haka wanda ya isa a tsakiyar 2023 shekaru biyu kacal suka rage masa lokacin da dokar ta fara aiki.

Sai dai wannan rangwame ba ya zuwa da kansa, kuma ba kyauta ba ne. Dole a nema a rubuce cikin takardar bayyana kuɗin shiga ta kowace shekara. Wanda ya nema kuma zai rasa kason albashin da ba a cire wa haraji, wato fam 12,570, a wannan shekarar. A nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi. A ɗauki mai albashin fam 30,000 a Ingila, wanda ribar hayar gidansa a Kaduna ta kai kwatankwacin fam 2,000 a shekara. Harajin kashi 20 cikin 100 a kan hayar bai wuce fam 400 ba. Idan ya nemi yafiyar, zai tsira da fam 400 ɗin, amma harajin albashinsa zai ƙaru da fam 2,514. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsarin ya fi amfanar masu manyan kadarori a waje. Mai ƙaramar haya gara ya bayyana ta, ya biya.

Batun biya sau biyu kuwa, yarjejeniyar da Najeriya da Birtaniya suka ƙulla a 1987 ta yi maganinsa. Najeriya tana da haƙƙin karɓar haraji kan hayar gidan da ke ƙasarta, sannan Birtaniya ta rage abin da aka riga aka biya daga nata lissafin. Ragin yana buƙatar shaida, saboda haka rasit ɗin hukumar haraji ta Najeriya ba abin yarwa ba ne. Kuɗin da mutum ke aika wa iyaye daga albashin da aka riga aka cire wa haraji, Birtaniya ba ta sake karɓar komai a kansu.

Wanda ke da kuɗin waje da zai bayyana sai ya yi rajista da HMRC zuwa ranar 5 ga Oktoba bayan ƙarewar shekarar haraji, ya miƙa bayanansa ta intanet ya kuma biya zuwa ranar 31 ga Janairu. Makara ko ta kwana ɗaya tana jawo tarar fam 100. Yin shiru ya fi wannan tsada: ƙasashen biyu suna cikin tsarin musayar bayanan asusun banki na ƙungiyar OECD, HMRC tana da ikon komawa baya har shekaru 12 kan kuɗin waje, kuma tarar ɓoye su tana iya kaiwa ninki biyu na harajin da aka ƙi biya.